Masara a Gona, Mota a Ƙofar Gida

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar wata Talata a-kori-kurarmu ta fara mutuwa a hanya. Na san lokacin ne domin agogon da na yi jarrabawar fita sakandare da shi yana hannuna, kuma ni ce a gefen Baba, rungume da kwanon abincin masu aiki. Mun baro Tudun Wada za mu gonarmu ta hanyar Doguwa. Motar ta yi tari sau biyu, ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya, sannan ta yi shiru.

Masararmu ce a can. An karya ta an tara tsibi-tsibi a fili, ba rumfa ba tamfol. Ƙarshen damina ne, lokacin da ake cewa ruwa ya ɗauke amma kullum da la'asar sai gabas ta haɗe rai. In ruwa ya sami masarar nan a ƙasa fumfuna za ta yi, kuma ita ce abincin gidanmu na shekara. Sawu shida Baba ya ce za su kwashe ta. Motar haya kuwa ba ta samuwa a irin wannan lokaci, kowa tasa masarar na ƙasa.

Tsohuwar mota ce mai shan gas. Baba bai yarda da gareji ba, a ƙofar gida yake yi mata komai, ƙarƙashin darbejiya: juyen baƙin mai, wankin filta, ɗaurin birki. Ni nake miƙa masa sifana, don ni kaɗai ce a gidan ke mayar da kowace lamba mazauninta. Ba na magana, shi ma ba ya nema.

Ya fita ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya ce agogon mai ne ya fara ƙarya. Ya zagaya ya buɗe tanki ya ƙara mata gas daga jarka, ya daddanna ɗan famfon hannun da ke kan filta, ya murza makulli. Ta tashi kamar ba ita ba. Ranar sau huɗu ta mutu, sau huɗu ya yi mata haka. Sawu ɗaya muka kawo gida.

Tun a mutuwa ta biyu na fara rubutawa a bayan wani tsohon littafina na lissafi: lokacin da ta tashi, lokacin da ta mutu, abin da Baba ya yi mata. Ba don na san amfaninsa ba. Hannuna ne ba ya iya zama haka kawai.

Laraba Baba ya sake filta, ya kwance tiyon mai ya hure shi da baki har gas ya ɓata masa gemu. Ya bar ta a kunne a ƙofar gida kusan awa guda, ko gezau ba ta yi ba. Ya ce to, yau ba za ta sami hujja ba, ya cika tankin har wuya. Ba mu gama wuce gidajen ƙarshen gari ba sai ta mutu. Muka dawo da ita da ƙyar, babu ko zangarniya ɗaya a bayanta.

Alhamis ya sauke girman kai ya kira wani bakanike daga Kwanar Dangora. Mutumin ya zo a babur, ya taka totur, ya kara kunne a injin.

“Alhaji, famfo ne. Babban famfon ne ya gaji. Sai an cire an kai Kano.”

“Kwana nawa?”

“In an yi sa'a uku. In ba a yi ba, sai yadda hali ya yi.”

“Masarata fa tana ƙasa.”

“Ai motar ma ta kusa zuwa ƙasan, Alhaji. Wannan ta girmi matata.”

“Amma ta fi ta jin magana,” in ji Baba, ba tare da ya yi dariya ba.

Ina tsaye da littafina a bayan ƙofar mota. Na ce, can ƙasa-ƙasa, in tanki ya cika ta fi saurin mutuwa. Bakaniken ya juyo ya dube ni, ya dubi littafin.

“Malama, mota ba ta mutuwa don ƙoshi. A rubuta wannan ma.”

Na shige gida. Suka tsayar da magana zai dawo gobe bayan an sauko daga masallacin Juma'a su cire famfon.

Da la'asar aka yi yayyafi. Bai jiƙa ƙasa sosai ba, amma Umma ta fito tsakar gida sau uku tana duban gabas, Baba kuma ya kasa zama, ya shiga ya fita, ya buɗe bonet ya rufe. Ni ma na kasa karatu. Na ɗauki tsintsiya na ajiye, na koma kan littafin. Abin da na rubuta bai sauya ba. Da cikakken tanki, minti goma sha biyu. Da rabi, fiye da rabin awa. Kuma duk sanda ta tashi, to Baba ya riga ya buɗe tanki.

A nan ne na ajiye littafin, domin bakin tankin nan aikina ne.

Murfinsa na asali ya ɓace tun ina firamare. Abin da Baba ke toshe shi da shi, kamar yadda masu tsofaffin motoci da yawa ke yi a wajenmu, totuwar masara ce a naɗe cikin tsumma. Ranar Lahadin da ta gabata ina wanke motar na ga tsumman ya jiƙe sharkaf. Na taɓa karantawa cewa ruwa a cikin gas yana kashe inji. Sai na yanko faffaɗar roba daga tsohuwar gugar rijiyarmu, na rufe bakin, na ɗaure da tsirin roba zagaye bakwai. Ko ɗigo ba zai shiga ba. Baba ya gani ya ce Allah ya yi albarka, kuma tun daga ranar in ya zuba mai sai ya mayar da ɗaurin yadda na yi.

Na fita na duba. Robar ta lotsa ciki kamar kumatun tsohuwa. Na tuna duk sanda Baba ya kwance ta ina jin wani ɗan huci. Amma mene ne haɗin murfi da inji? Murfi yana baya, inji yana gaba. In na faɗa ya zama ba shi ba ne, na tsayar da aiki na kuma ci wa bakanike fuska a banza. In kuwa shi ne, to ni ce na zaunar da masarar gidanmu kwana uku a ƙasa.

Da safiyar Juma'a Baba ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu, ya ce in wanko masa roba da za a zuba notuna. Sararin sama ya yi fari fat, irin zafin da ke kiran hadari. Na ce wa Umma zan kai niƙa.

“Garin jiya bai ƙare ba.”

“Gara a ajiye.”

Ta dube ni, ta auno mini dawa.

Mai injin niƙan unguwarmu tsoho ne, sa'an kakana, kuma injinsa ma gas yake sha. Shekara da shekaru shi ke gyaran abinsa. Na jira matan da ke gabana suka tafi. Na durƙusa na gaishe shi, bai ji ba sai da ya rage injin.

“A'a, 'yar boko ce yau da kanta? Ko an kore ki daga ɗakin karatun?”

“Kaka, tambaya na zo da ita.”

“Dama na ga dawar ba ta kai a fito da ita cikin rana ba. Motar babanki ce? Na ji an ce za a yi mata fiɗa.”

Na buɗe littafin. Na karanta masa lokutan ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa batun cikakken tanki da rabi. Bai yi dariya ba. Ya goge garin da ke girarsa ya ce in ci gaba. Sai na faɗi na totuwa da na robar guga, kaina a ƙasa.

“Zagaye nawa kika ce kin yi wa ɗaurin?”

“Bakwai.”

“Mai hankali ɗaya yake yi.”

“Kaka, ni na ɓata ta?”

Ya kashe injin gaba ɗaya. Ya leƙa waje ya dubi gabas, inda wani baƙi-baƙi ya fara tasowa ta kan duwatsu, sannan ya dawo da idonsa kaina.

“Ba ki ɓata komai ba, shaƙe ta kika yi. Mai ba ya fita daga tanki sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Totuwar nan da kika raina tana barin iska ta wuce, robarki ba ta bari. Famfon babanki lafiyarsa ƙalau. Bar dawar nan a nan, ki je ki gaya masa da bakinki tun bai sa sifana ba. Ki samo busasshiyar totuwa da busasshen tsumma. In ya tashi yanzu zai yi sawu biyu kafin Juma'a, sauran kuma ku roƙi Allah ya riƙe hadarin nan.”