Katin da Kawu Ya Gyara

A kamfanin da ake yin allunan shaguna da rubutun jikin motoci, kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. Ɗakinsa a ƙasa yake, bayan matakala, inda warin gam ya kama bango. Abu biyu ne suka cika ɗakin: injin yankan sitika mai faɗin gado, da tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa shi, wadda aka sayo ta fara tas, yanzu ta koma launin haƙorin mashayin taba. Injin ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ita, ita kuwa Kawu kaɗai ya san halinta.

Da almakashi da reza ya fara aikin tun yana saurayi, lokacin da ake zana harafi da hannu sannan a yanka. Da maigida ya sayo injin, sauran masu yanka suka ga ba wurinsu, suka kama gabansu. Kawu ya zauna ya koya, ba makaranta, ba malami, sai naci. Da wannan ɗaki ya yi aure, da shi ya riƙe gida har yara suka girma suka watse.

Masu zane a saman bene suke. In sun gama aiki sai su sa shi a faifai su sauko da shi. Kawu ya buɗe, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "Wannan harafin ya yi siriri, zai yage. Koma ka ƙara masa jiki." Su koma suna ƙunƙuni, su dawo suna dariya. Ba abin da ke fita daga kamfanin bai bi ta hannunsa ba, kuma gaskiya yana jin daɗin haka. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: ba ya iya barin matsala bai gano kanta ba. Ko kwaɗon maƙwabci ne ya cije, sai ya kwance shi ya ga dalili.

Maigida ya tsufa, ɗansa ya karɓi kujera, aka koma ce masa Manaja. Kawu ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana ƙarami. Ba mugu ba ne, har yau da ladabi yake gaisuwa, kuma wannan ne ya fi ciwo, don wanda ya zage ka ko banza ka san inda za ka kai fushinka.

Wata safiya Manaja ya sauko da wani koren kati kamar tafin hannu, da mai haɗa wayoyi a bayansa.

"Kawu, katin netwok ne. Za a sa wa kwamfutar shi, a jawo waya daga sama, mu riƙa turo aiki kai tsaye zuwa inji. Ka ga ba sai mun riƙa damunka ba."

Kawu ba yaro ba ne. Ya san in aiki ya daina saukowa da ƙafa, abin da ya rage a ɗakin shi ne ɗora sitika a inji, wannan kuwa ko mai gadi zai iya.

Mai haɗa wayoyi ya buɗe cikin kwamfutar, ya soka katin, ya danna maɓalli. Fanka ta juya, rubutun farko ya fito, daga nan komai ya tsaya cak, sai ɗan ɗigo yana ƙiftawa a kan baƙin allo. Ya kashe ya kunna har gumi ya keto masa. A ƙarshe ya ce tsufa ne, ya tattara jakarsa.

Manaja ya ce, "Kawu, ka duba ta. In ta ƙi katin, a cire shi mu ci gaba da faifai har ranar da za ta mutu."

Kawu bai yarda da maganar tsufa ba, don jiya lafiya ya kashe ta. Ya bi ta yadda ya saba, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya zare sandunan ƙwaƙwalwarta, ya goge haƙoransu da robar goge fensir, ya mayar. Shiru. Ya sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya danna kowace waya ta zauna daram. Shiru dai. Ya zare sabon katin, sai ga ta ta tashi garau, ya mayar da shi, ta sake ƙamewa. Daga nan ya bar sabon a ciki, ya zare tsohon katin da ke tuƙa injin, nan ma ta tashi. Ashe kowannensu lafiyarsa lau, zama tare ne ba sa yi.

Ya kai su bakin taga ya ƙura musu ido. A jikin kowanne akwai jerin allurai, da wata 'yar hular roba baƙa da ake kifawa a kan biyu daga ciki, ita ke nuna layin da kati zai bi ya kira kwamfutar. Dukansu a layi ɗaya hularsu take. Mutum biyu ke kiranta ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, ta rasa wa za ta amsa wa, ta yi tsaye. Gyaran bai wuce a matsar da hula ɗaya ba. Kawu ya mayar da tsohon katin wurinsa, ya ajiye sabon a aljihun tebur ya tafi gida.

Matarsa tana ninke wanki ya ba ta labari. Ta tsaya da riga a hannu.

"To, Malam, wa ya san da wannan hular bayan kai?"

"Ba kowa."

"Shi ke nan. Mai aikin da kansa ya ce tsufa ne, kai ma ka ce tsufa ne. Ba ka saci na kowa ba, bakinka kawai za ka kama."

"Haka za a yi," in ji Kawu.

"Na san ka fa. Hannun nan naka ƙaiƙayi gare shi."

Ya yi dariya, ya ce ai shi ma ya san ciwon kansa.

Da gaske yake har zuciya. Amma hali zanen dutse. Washegari ya riga kowa zuwa, ya ɗora sitika a inji kamar kullum, ya zauna. Abin da ke cin sa shi ne bai gwada ba, wanda bai gwada ba kuwa zato kawai yake yi. Ya ce bari ya gani sau ɗaya, ya mayar da komai yadda yake kafin a zo. Ya ɗauki hantsaki ya matsar da hular, ya soka katin. Kuma da yake bai taɓa yin rabin gwaji ba a rayuwarsa, ya jona wayar da aka jawo daga sama.

Kwamfutar ta tashi lafiya ƙalau. Wata 'yar koriyar fitila ta kama a bayan katin. Daɗi ya cika Kawu, har ya ce, "Yauwa, 'yar gari!" Bai rufe baki ba injin ya yi ƙugi, wuƙa ta sauka kan sitika ta fara yanka. Aikin gwajin da Manaja ya turo tun jiya ne, ya kwana a layi yana jiran hanya. Kawu ya tsaya da hantsaki a hannu yana kallon injinsa yana aiki ba da izininsa ba.

Manaja, wanda shigowarsa ke nan, ya jiyo ƙarar daga matakala. Ya faɗo ɗakin ya kama hannun Kawu da hannu biyu. "Wallahi, Kawu, babu kamarka!" Masu zane da suka iso har tafi suka yi masa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Ba a kore shi ba, ai ba a korar Kawu. Sawu ne ya ɗauke daga matakala, ya koma wuni yana kallon aiki na shiga yana fita, siraran haruffa suna yagewa, ba mai tambayarsa. Bayan 'yan watanni Manaja ya durƙusa har ƙasa ya ce lokaci ya yi da zai huta. Aka yi masa jawabi, aka ɗauki hoto. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta, amma cikin ladabi. Matarsa ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi samun sauƙi.

Kwanan baya hanya ta bi da shi ta ƙofar kamfanin. Daga titi ya jiyo injin, kunnensa ya gaya masa wuƙa ta dakushe, tana jan sitika maimakon yanka. Ya yi gaba, ya tsaya, ya dawo. A teburin karɓar baƙi ya tarar da wata sabuwar ma'aikaciya.

"'Yata, ki ce musu su sauya wuƙar injin ƙasa, za ta ɓata musu aiki."

Ta ɗago ta yi masa murmushi mai kyau. "Sannu, Baba. Aiki ka kawo? Ai ba sai ka wahalar da kanka ka zo ba, turowa ake yi yanzu."