Turmin da aka kai bayan gida

Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, a kakar gyaɗa ta shekarar da na shiga aji huɗu, maza duk sun tafi, gidan ya rage daga ni sai yayata Tabawa sai Inna. Tun damina hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya rufe. In tana son ruwa sai ta yi ta gurnani tana nuna randa. Mun shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, muka zuba gero a turmi muka kama lugude, muna jefa taɓarya sama muna tafi muna cafewa. Tabawa ta ɗauko waƙar dakan da Inna ta koya mana, ta kai rabi numfashinta ya yanke. Sai muka ji an ƙarasa daga kan tabarma, kalmomin suna fita tar: "Daka, auta, daka, gero ba ya jiran malalaciya." Na saki taɓarya ta faɗo mini a ƙafa, ban ma ji zafin ba.

Daga ranar muka mayar da daka sana'a. In na dawo daga makaranta, na ɗebo ruwa a rijiya, na yi wa awaki harawa, sai mu jawo turmi kusa da Inna. Ko ba abin dakawa mu zuba ƙaiƙayi. In an tsaya bakin ya koma ya kulle, in an ci gaba waƙa ta zubo. Da sannu Inna ta fara cusa nata zancen a cikin karin waƙar: ta rera cewa tuwon jiya ya yi ruwa, ta rera cewa in rufe akurkin kaji. Mun yi dariya har da hawaye, ita ma ɓarin bakinta mai lafiya yana motsi.

Yarinta ce ta sa na yi wa Baba albishir. Ya zo ya tsaya ya ji da kunnensa, fuskarsa ta canza, ya aika aka kira yayarsa Gwaggo Ladi, wadda ba a yanke komai a gidanmu sai da ita. Ta saurara kaɗan, ta ja mayafinta ta ce, "Wanda ba ya iya sallama amma yana iya waƙa, ai ba shi ne ke magana ba. Mutanen ɓoye ne, kuma kiɗan nan ne ke kiran su." Baba ya gyaɗa kai. A ranar aka mirgina turmi zuwa bayan gida, wajen rumbuna, inda ko amonsa ba ya isowa. Aka hana mu waƙa a tsakar gida. Aka shiga turare da rubutu da ruƙiyya, ana yi wa Inna tsawa ana cewa wanda ke jikinta ya faɗi sunansa, ita kuwa sai kallon mutane take hawaye na bin kuncinta. Ba mugunta suka yi ba, na sani, kuma sanin bai taɓa rage mini ɗacin ba. Inna ta ƙara damina biyu ba ta sake furta kalma ba, har Allah ya karɓi abarsa.

Na yi karatun jinya don in sami abin yi, ba don wani buri ba. A wani asibiti a Kano, a ɗakin masu shanyewar jiki, na tarar da wata likita tana buga tebur da yatsa, wani dattijo da ba ya magana yana rera sunan matarsa. Na tambaye ta, ta ce hanyar magana daban take da hanyar waƙa a ƙwaƙwalwa, in ɗaya ta toshe ana iya bi ta ɗayar a dawo da harshe. Na fita bayan ɗakin na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na bi matar nan na koya, yau shi ne aikina, da ƙwarya da 'yar ganga nake shiga wurin marasa lafiya.

Bara ciwon nan ya kama Baba. Aka ɗauko shi a mota har inda nake, Gwaggo Ladi na riƙe da butarsa. Da karin begen Annabi da yake so na yi masa aiki, kafin kaka bakinsa ya buɗe. Babu wanda ya ambaci mutanen ɓoye. Gwaggo tana gaya wa matan ƙauye, "Ilimi ne, 'yarmu likitar waƙa ce."

Yanzu inji ke yin surfe da niƙa a garinmu, yara mata ba su san lugude ba, ni kuma ana biya na albashi a kan abin da aka hana mu yi a gida. Baba yana zaune a zaure yana faɗa a kan iyakar gona da farashin taki, muryarsa garau, ina kuma gode wa Allah. Ya yi zancen komai tun da ya warke, ban da zancen Inna. Ita ce kaɗai ba a bari ta gama maganarta ba.