Makaɗin da Ya Cika Kiran Suna

Dalhatu Mai Ganga bai taɓa iya yabon mutane a dunƙule ba. A ƙauyensu, can gefen 'Yankuzo a ƙasar Tsafe, shi ne makaɗin gayya tun yana saurayi. In manoma sun jeru a gona sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kiɗa: wane ɗan wane, kunyarka ta miƙe, kai kuma wane, ciyawa na gode maka, ka bar ta da ranta. Rago ba ya samun wurin ɓuya in Dalhatu na nan. Matarsa Jummai takan ce ko ranar ɗaurin aurensu sai da aka riƙe shi, don ya so ya faɗi wanda ya cika aljihu da goro.

Sai masifar 'yan bindiga ta iso. Suka kwashe shanun gari, suka kashe mutane, har da ƙanen Jummai. Gayya ta mutu, don ba mai zuwa gona mai nisa. Samari suka haɗa ƙungiyar sa-kai, wani mahauci mai suna Salisu ya zama shugabansu.

Wata safiya suka nufi wata ruga a bakin rafi. Ba su tarar da ɓarayi ba, sai mata da tsofaffi. Suka ƙone bukkokin duk da haka. Cikin waɗanda suka rasu akwai tsoho Manu, wanda ya daɗe yana kawo wa Dalhatu fatar ganga.

Da la'asar suka dawo, aka aika Dalhatu ya zo dandali ya yi musu kiɗan nasara. Ya zo, ya gyara ganga a kafaɗa, ya yi gyaran murya.

"To, da wa za ni farawa? Wa yak kunna wuta?"

Salisu ya ce, "Ka ce jaruman gari, ya isa."

"Jaruman gari ba su da iyaye? Ni ban iya kiɗa babu suna ba. Kai Muktar, kai ne?"

Muktar, wani dogo da ɗazu ya fi kowa ihu, ya ce shi galan ɗin fetur kawai ya riƙe. Na kusa da shi ya ce ashanar dai tashi ce, amma ara aka yi. Wani ya ce an ce ya harba ne ya harba. Salisu ya ce shi ko bindiga bai ɗaga ba, magana kurum ya yi.

Dalhatu ya riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe ruga ita ta toye kanta, ku kallo kun ka tafi."

Wasu tsofaffi suka yi dariya, suka haɗiye ta da sauri. Salisu ya matso.

"Yaƙi muke, Dalhatu. Waɗanda sun ka kashe muna mutane, wa yak kira sunansu?"

"Kawo min su in kira, har da na kakanninsu. Manu na cikinsu?"

Dalhatu ya sauke ganga ya tafi gida.

A gidan ma bai tsira ba. Jummai ta tare shi a bakin ƙofa tana kuka. "Ƙanena fa? Shi wa zai yi mai kiɗa?" Kwanaki tana ajiye masa tuwo ba magana. Amma da aka fara raɗe-raɗin wai Dalhatu ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, ita ce ta ɗaure kayansu, ta samo motar Gusau, ta ce masa, "Tashi, mai dogon baki, kafin su rufe maka shi."

Yanzu suna haya a unguwar Damba, a Gusau. Yana kiɗan suna da biki, wani lokaci har Bungudu ake ɗaukarsa. Ya yi furfura, halin dai na nan: ko amarya ta makara sai ya faɗi ƙawar da ta tsayar da ita.

Da safe yakan zauna teburin Sabiru mai shayi, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi. Sabiru yakan ce a lokacin yaƙi kowa da gaskiyarsa, wanda bai ga gawar ɗansa ba kada ya yi wa wani hukunci. Dalhatu ba ya musa cewa akwai zafi. Cewa yake zafin ba shi ke ƙyasta ashana ba. Su yi ta ja har shayi ya huce, Sabiru ya rantse gobe ba zai ba shi wurin zama ba.

Jummai har yau ba ta ce ya yi daidai ba. In baƙi sun tambaye ta abin da ya raba su da ƙauye, sai ta nuna shi da ludayi ta ce, "Ga shi nan, ku tambaye shi, in kuna da yini guda na ɓatawa."