Malam Abdulkahar da Ushirin da Ba Shi da Nisabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Abdulkahar Idirisu, tsohon hedimasta a Aujara, a gidansa da ke Limawa cikin Dutse, yana da shekara saba'in da huɗu. Ni ɗalibarsa ce. Tun ranar nake neman kalmomi masu sanyi ban samu ba. Don haka, Malam, ka yi mini afuwa, zan yi magana da muryar nan da ka sha ce mini in sassauta.

Kai ka fara ba ni aron littafi ina aji huɗu, ka ce in dawo da shi tare da tambaya uku, in ba haka ba ban karanta ba. Da ƙwayar gyaɗa ka koya mana kaso cikin ɗari, wanda ya ci lissafi shi ke cinye gyaɗar. Da kaka kuwa, duk Aujara an san al'adarka: in an ɗaure gero, da kanka kake bin dammunan kana ƙirgawa, na goma ka jingine shi gefe don zakka, kuma wanda ya fi kauri kake zaɓa.

Da ka ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, abokanka suka ce ka kai garatutinka banki ka riƙa karɓar kuɗin ruwa. Ka ƙi. Ka sayi hannun jari a wani kamfanin abinci, ka ce in sun ci riba ku ci tare, in sun faɗi ku faɗi tare. Fansho ya tafi ga tukunya. Ribar da ake raba muku sau ɗaya a shekara ita ce kuɗin maganin hawan jininka da na maiɗakinka, Hajiya Larai. Amma kafin ta iso hannunka an riga an zare kashi goma cikin ɗari na haraji, daidai da yadda ake zare wa attajirin da ribarsa ta rana guda ta fi garatutinka gaba ɗaya.

Bara, a taron 'yan fansho, wani matashin jami'in haraji ya gama bayaninsa, ka ɗaga hannu.

"Yaro, ba na gudun ushiri, tun kafin a haife ka nake fitar da shi. Amma shekarar da gero ya ƙi, liman ya ce mini bai kai nisabi ba, babu komai a kaina. To ku, ina nisabinku?"

Ya ce, "Baba, haka doka ta ce."

Ka ce, "Wanda ya rubuta ta da hannu ya rubuta, ko?"

Ban ce haraji ne ya kashe ka ba, ajali ne, kuma ba ya jinkiri. Sai dai da idona na ga kana raba ƙwayar magani biyu da reza, don naka ya kai ƙarshen wata, na Hajiya kada ya yanke. Za a ce mini ai ba a taɓa fansho. Na sani, na karanta, kai ka koya mini. Amma tsohon da ya tsuke bakin aljihunsa, ya yi tanadi don kada ya roƙi kowa, wane laifi ya yi da za a auna shi da mudun attajirai? A karɓa daga mai rumbu goma, babu mai musu. Mai dami tara a bar masa abinsa.

Abin da takardarka ta nema ke nan, wadda ka rubuta wa masu yin doka: a sa iyaka, ribar da ba ta kai ta ba a ƙyale ta, musamman ta tsofaffi da matan da suka bari. Ka tara sa hannun mutum arba'in da ɗaya, ciwo ya hana ka kai ta Ringim, wajen ɗan majalisar da zai gabatar da ita. Yanzu wannan riba ita ce madogarar Hajiya Larai. Jiya na same ta cikin takaba, ta ɗauko takardar daga cikin jakarka, ta dangwala yatsanta a ƙasan sunanka, ta ce, "Mu'minatu, ni ba ni da halin fita. Ke ce ƙafata."

Ranar Asabar zan shiga motar Ringim, Malam. Wannan aro ma ba zan dawo da shi haka nan ba, sai da amsa.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa dammunan nan da ka jingine su tarye ka a mizani. Ga Hajiya Larai, da 'ya'yanka Musaddiq da Ikilima, da dukan mutanen Aujara da Limawa, Allah ya ba mu haƙurin rashi. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.