Ranar da wayata ta ce kakana ya mutu

Shekarun baya, kafin duniya ta yamutse mana a Jazira, ni ne gwanin waya na ƙauyenmu. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Ƙauyen yana kusa da Hajj Abdalla, a tsakiyar gonakin ban ruwa, kuma duk wanda wayarsa ta yi tari wurina yake kawo ta. Rabin gyaran nawa kashewa ne da kunnawa, amma da babu gara ba daɗi.

Muna da wani gurub a waya, samarin Hausawa daga Madani da Sinnar har Damazin. Ba mu da aiki sai musu: wace burauza ce ba ta shan data, wace waya ce za ta ɗauki wasan ƙwallo ba ta yi zafi kamar tukunya ba, wane ne aka lallasa jiya a wasa ya ce laifin shabaka ne, wato sabis ɗin waya. Da Larabci muke yawancin hirar. Hausa sai in za a yi wa mutum tsiya, don ta fi shiga jiki.

Wata shekara kakana, mahaifin mahaifiyata, ya faɗi a bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da a da ba ya barin ka wuce bai tsokane ka ba, wanda ya raɗa mini suna Malam Latsa saboda son waya, sai ga shi kwance a kan gadon igiya, ido biyu, yana kallon rufi. In ka gaishe shi ba ya amsawa. Wani lokaci hannunsa na hagu yana motsi, sai a ce ruwa yake so, a ɗura masa, a gyara masa mayafi, a fita. Kawuna ne ke kai shi asibiti a Madani ana yi masa gashi. Tafiyar akwai wuya, raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa bakin titi, sannan a ciccibe shi a saka a bas, kuma kawu ya fara cewa bai ga wani canji ba.

Farantin sola ɗaya gare mu a gidan, a kan rufin ɗakin kaka yake, don haka a can nake cajin wayata, a kan wata 'yar kujera dab da kansa. A lokacin ne na gano waya tana iya rubuta abin da ka faɗa: ka danna ɗan hoton makirfo, ta yi ƙara "tin", ka yi magana, rubutu ya fito. Larabci kawai take ji. In ka yi mata Hausa sai ta lalubo kalmar Larabci mafi kusa ta manna maka. Na yi kwanaki ina zama a gefen gadon kaka ina gwadawa, ina dariya ni kaɗai, har ina juya masa fuskar wayar ina cewa, "Tsoho, ka ga abin da kuka rasa a zamaninku." Ban sa ran yana fahimta ba. Bakina ne ya saba da tsokanarsa.

Wata rana da hantsi ina cikin rubutu a gurub aka kira ni, wai ruwa ya iso gonarmu. Na ajiye wayar a buɗe na ruga. Na saita ta ba ta mutuwa in tana caji. Ban dawo ba sai bayan azahar, lokacin da ƙauye ke yin tsit, kowa ya shige inuwa, ko kaji ba ka ji. Na ɗauki wayar. A wurin rubutu akwai kalma ɗaya da harafin Larabci: "Mat." Wato ya mutu.

Na juya na kalli kaka. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na goge kalmar, na ce wa kaina yatsana ne ya goga.

Amma gwani ba ya barin abu ya wuce shi. Washegari na bar ta a buɗe da gangan. Da na dawo, kalmar tana nan, an maimaita ta har ta cika layi. Rana ta uku sai na tarar da ƙari a ƙarshe: "Mat. Mat. Ana jay." Ya mutu, ya mutu, ina zuwa.

Gaskiya na ji tsoro. Rana tsaka ce, haske ko'ina, zufa na zuba mini, amma tsigar jikina ta tashi. Ɗakin ba kowa sai mara lafiyar da ba ya magana, da ƙuda ɗaya da ke zagaya kofin ruwansa. Na tsaya ina kallon kusurwoyi kamar wani zai fito daga bayan buhunan gyaɗa.

Na ɗauki hoton rubutun na saka a gurub, da 'yar dariya a ƙasa don kada a ce Malam Latsa ya tsorata. Nan take gurub ya kama wuta. Wani daga Madani ya ce, "Ya zol, mutumina, cajarka ce ta banza. Caja mai arha tana sa fuskar waya ta riƙa taɓa kanta." Wani ya ce burauzar da nake ta yabo ce ta kwaso mini cuta, ga sakamakon cika baki. Abokina na Damazin ya turo murya yana dariya: "To in caja ce, mi ya sa ba ta rubuta tumatir ba? Wagga caja ta yi makaranta!" Na sayo sabuwar caja. Na goge burauzar, na share duk abin da ban yarda da shi ba. Washegari rubutun ya dawo, kuma a ranar ko abokina bai yi dariya ba. Ya rubuto mini ni kaɗai: "Fid da wayag ga daga ɗakin tsoho."

Abin da na manta shi ne ɗan kawuna yana cikin gurub ɗin. Shi ya kai labari gida.

Da la'asar kawu ya zo, ya tsaya da mahaifiyata a ƙofar ɗakin kaka, ƙofar a buɗe. Ya ce a nuna masa, na nuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni ban san aikin waya ba. Amma wagga ishara ta. Halas, shi ke nan, a bar wahalshe shi da hanyar Madani. Baba ya riga ya tahi, gangar jiki ce muka jinya."

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, kada ka ce haka."

Ya ce, "To kira shi. Kira shi ki gani in zai amsa."

Ta kira shi. "Baba. Baba!" Ta ɗan tsaya, kamar yadda ake tsayawa in an ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka san ba kowa, sannan ta toshe baki da gyale ta fita.

Daga ranar aka daina zuwa Madani. Ranar kasuwa mahaifiyata ta tafi Hajj Abdalla ta dawo da farin yadi. Ina tsaye ta warware shi a gefen gadon, tana auna tsawon mahaifinta da kamun hannu, tana kuka ƙasa-ƙasa, shi kuma idonsa a buɗe. Mutane suka fara shigowa neman gafara. Kowa zai durƙusa ya ce, "Malam, a yafe muna," ya amsa wa kansa da "Allah shi yafe muna gaba ɗaya," ya tashi. A gabansa aka yi maganar inda za a haƙa, kusa da kakata. An daina ma rage murya a ɗakin.

Ni kuwa na koma caji a shagon wani maƙwabci, ina jin kamar wayata ce ta yanke wa kakana hukunci. Abin ya tsaya mini a rai. Rannan na ce ko aljani ne sai na gan shi da idona. Na kai wayar ɗakin kaka, na ajiye a buɗe, na fita ina buga takalmi kamar zan tafi gona, na zagaya bayan ɗaki na maƙale a jikin taga. Bakina yana ta addu'a, ƙafata kuma a shirye take, don ban yi wa kaina alkawarin jarumta ba.

Na daɗe a wurin. Sai na ji "tin".

Na leƙa. Hannun kaka ne na hagu a kan wayar. Ya ja shi daga gado zuwa kujera. Bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ba abin da ke fita. Kafin sauti ya zo wayar ta gaji ta rufe kunne. Ya sake dannawa. "Tin." Haka ya yi ta yi, har can wata murya ta fito, siririya, kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

"Ku... ce... mata... ina ji."

Ku ce mata ina ji. Wayar ba ta san Hausa ba. Ta ji "mata" ta rubuta "mat", ta ji "ina ji" ta rubuta "ana jay". Ya ga ina yi mata magana tana kai saƙo, shi ne yake aikenta wurin 'yarsa.

Ban san yadda na zagayo na shiga ɗakin ba. Na durƙusa na riƙe hannunsa na ce, "Kaka, na ji ka. Wallahi na ji ka." Ya juyo da ido kaina, hawaye ya gangara ya shige kunnensa. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na farko, don yanzu na san duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ya shiga kunnen nan.

Na je na tashi mahaifiyata daga barcin rana, na jawo ta. Tana shiga ta fara abin da ta saba: "Baba, sannu, ya jiki, ruwa kaka so?" Hannunta har ya kai ga kofi.

Na ce, "Inna, zamna. Kada ki ce komi. Jira kawai."

Ta ce, "In jira mi?"

Na ce, "Don Allah, jira."

Ta zauna. Shiru ya yi tsawo har ta fara kallona kamar ni ne mara lafiyar. Sau biyu tana yunƙurin tashi ina riƙe gefen zaninta. Bakin kaka yana ta kokawa. Sannan ya fito, kalma-kalma, da hutu a tsakani.

"Yadin nan... ɗinka min... jallabiya."

Mahaifiyata ta yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, kuka da dariya a haɗe. Ta kifa kanta a ƙirjinsa tana cewa, "Baba ka yafe min, na auna ka kana kallo na, Baba ka yafe min." Shi kuma hannun hagun nan ya ɗago ya sauka a kanta.

Aka kira kawu ya ji da kunnensa. Washegari da sassafe shi ya kawo raksha. Likitar gashin ta ce haka abin yake ga wasu, maganar tana nan a ciki, hanyar fitarta ce ta yi nisa. Kaka bai sake tafiya da ƙafarsa ba, amma bakinsa ya ɗan saki, kuma an ɗinka jallabiyar, da ita aka kai shi sallar idi a kan amalanken jaki. Da na ba gurub labari sai da aka yini ba wanda ya yi musun burauza. Daga baya abokina na Damazin ya rubuta, "To Malam Latsa, kakanka ya hi ka iya waya," aka ci gaba da tsiya.

Har yau in na tuna, ba rubutun ne ke tayar mini da tsigar jiki ba. Abin da ke damuna shi ne mu duka muna ƙaunarsa, muna shiga muna fita a kansa wuni guda, amma ba wanda ya taɓa yi masa tambaya ya zauna jiran amsa. Mu mutanen gaisuwa ne, muna jero ta mu amsa wa kanmu mu wuce. Wayar ma ba haƙuri ne da ita ba, ita dai ba ta da ƙafar tashi ta fita. Shi ya sa yanzu in na je dubiya, bayan na ce sannu nakan yi shiru har masu jinya su fara tunanin ko lafiyata.

Kaka ya ƙara wasu shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa, wata safiya bayan ya sha shayi. Maza suka taru a waje, an ɗora ruwan wanka, liman yana cewa a hanzarta kafin rana ta yi zafi. Mahaifiyata ta ce ba mai shiga tukuna. Ta ja 'yar kujerar nan ta zauna dab da kansa, ta kai bakinta kunnensa ta ce, "Baba, in kana ji, ina jira."

Ta jira. Kawu ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarta, ya koma. Ta jira har inuwar ƙofa ta matsa daga inda take. Sannan ta miƙe, ta gyara gyalenta, ta ce, "To, yanzu ku shigo."