Shirun Inna a Hanyar Maradi

A lokacin ban daɗe da dawowa Dakoro daga jami'a ba, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma ina tsammanin duk abin da na iya karantawa a takarda na fahimce shi. Da lokotoro ya ce kumburin da ke nonon Inna sankara ce, sai an je Maradi, ni na karɓi takardun, ni na shirya komai. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi komai ba, ta koma gida ta ci gaba da surfen hatsinta. Na ɗauka dauriya ce.

Sau uku muna zuwa tasha, sau uku tana tsayawa a bakin mota, ta ce mu bari sai wani sati. A na ukun, Allah ya yafe mini, na ce mata a gaban mutane jahilci ne zai kashe ta, ba ciwo ba. Ta ce in yi haƙuri, ta juya.

Bayan wata biyar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zaunar da ni. Ta ce kafin a haife ni Inna ta kai yayana likita a Maradi, yana wata tara, ya cika a bayanta suna hanyar dawowa. Inna ta ji sanda ya yi sanyi. Amma tana tsoron in direba ya gane gawa ce zai sauke ta a daji, sai ta gyara goyon, tana jijjiga shi har Dakoro. Wata mata ma ta yaba mata barcin yaron, ta amsa.

Ban san ko da mun tafi da wuri za ta warke ba. Lokotoro bai ce haka ba, ni ma ba zan ce ba. Na dai san wata biyar na yi ina fushi, ban taɓa tambayarta me take gani a bakin motar nan ba. Ranar da na tambaya, ta yarda muka tafi. Ta yi kuka tun daga tasha, tana dafe da bayanta. Ciwon ya riga ya bazu, ba ta ga damina ba.

Wataƙila ba kowa haka ba ne. Amma ƴan'uwa, in mara lafiyarku ta yi shiru ko ta ƙi tafiya, kafin ku yi faɗa ku tambaye ta me ta taɓa ɗaukowa a wannan hanyar.