Fuskar Harouna a Bangon Gidan Tarihi

Duk wanda ke bin titin Jamaica Avenue ya san Zinariya mai turaren wuta, ko bai san sunanta ba ya san ƙamshinta. 'Yar garin Tawa ce, doguwa, baƙa, ga baki kamar reza, amma fa ba ta taɓa barin baƙo ya wuce shagonta da ƙishirwa ba. Ta zo New York tana amarya, ta tarar da mijinta Harouna yana tallan tabarau da laima a bakin teku, can Coney Island. Da rani yakan fita da allon tabarau a kafaɗa, ya dawo da yashi cikin takalmi, ta yi ta mita tana shara.

Harouna mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, Allah Ya jiƙansa. Abu guda da ya ƙi jini shi ne hoto. Ko a wurin suna aka ɗaga kyamara sai ya juya ƙeya, ya ce shi ba abin kallo ba ne. Da ciwon zuciya ya ɗauke shi, 'yarsu Nafissa ba ta daɗe da fara magana ba. Fasfonsa ya bi gawar zuwa Tawa, can ya ɓata a hannun dangi, aka bar Zinariya ba ko ɗan hoton da za ta sa a jaka.

Da farko ba ta damu ba, ai yana cikin kanta. Sai shekaru suka yi ta ci. Muryarsa tana nan, tarinsa na asuba yana nan, amma in ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a sai ta ga hula da gemu, tsakiya kuwa ba komai. Wannan abu ya ci mata rai ƙwarai, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Nafissa ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya, in ta tambayi kamannin ubanta sai uwar ta ce, “Kyakkyawa ne,” ta shiga wata magana don kunya.

Wata Asabar sai ga Hamdatu, maƙwabciyarta 'yar Kumasi mai aikin goge-goge a gidan tarihin birni, ta faɗo shagon ko sallama ba ta gama ba. Da Hausarta ta Zango mai mai da kowa namiji ta ce, “Zinariya, rufe shago ka zo. Sun kafa hotunan bakin teku, mijinka yana bango.”

“Wane miji? Harouna da ke gudun hoto? Hamdatu, ki sayi tabarau, na ga idon ya fara tafiya.”

Ta faɗa ne kawai. Washegari ta ɗaura zanenta na Sallah, ta ja Nafissa suka shiga jirgin ƙasa.

Ba ta taɓa shiga irin wurin ba. Ɗaki bayan ɗaki, sanyi, shiru kamar masallaci bayan an watse. Ga rigunan wanka na mutanen da, na ulu, har gwiwa, ta ce ashe mutanen ƙasar nan ma kakanninsu sun san kunya. Ga wani dokin katako da yara suka hau har fentinsa ya goge. Sai hotuna, wasu sun fi ƙarni: jama'a maƙil a kan yashi kamar filin Idi, kowa na dariya, kowa na ɗaga hannu. Ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗannan sun mutu, ƙasa ta rufe su tun tuni, amma ga haƙoransu, ga digon ruwa a kafaɗarsu bai bushe ba. Tsigar jikinta ta tashi, ta yi ta tasbihi a hankali.

Tsoro ne ya hana ta sauri. In ba shi ba ne fa? Abin da ya fi muni, in shi ne ta kasa gane shi, a gaban 'yarta?

Hamdatu ta kai su ɗakin ƙarshe ta koma gefe. Hoton ya fi ƙofa tsawo. Wani mutum ne tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya naɗe wando, ya ɗaga allon tabarau sama da kansa da hannu biyu, igiyar ruwa ta doke shi ta baya. Ba shi da hannun da zai kare fuska, mai hoton ya same shi a daidai. Kuma dariya yake, baki buɗe, irin dariyar da ba ta san yana yi a waje ba. A ƙasa an rubuta da Turanci: mai talla, ba a san sunansa ba.

Zinariya ba ta yi kuka ba tukuna. Kallo take, kamar mai shan ruwa bayan azumi. Ga wushiryarsa, wadda ta manta sam. Ga girar hagu da ta ɗan fi ta dama tashi. Ga yadda hancin ke tattarewa in yana dariya. Sai ta ji abin ya yi mata sabo da yawa, sabon da ba na shekarun baya ba, na yau da safe. Ta juya a hankali ta dubi Nafissa, wadda ta toshe baki da hannu, hawaye na bin yatsunta.

“Sauke hannunki,” in ji Zinariya. “Je ki tsaya kusa da shi.”

Nafissa ta je ta tsaya, kanta daidai ƙirjinsa.

“To, yi dariya in gani.”

Yarinyar ta gwada, cikin kuka, hancin ya tattare, wushiryar ta fito. Zinariya ta dubi bango, ta dubi 'yarta, ta sake duban bango. Ta zauna a kan bencin da ke tsakiyar ɗakin.

“Ikon Allah,” ta ce. “Shekara da shekaru ina nemansa, ashe kullum shi nake zuba wa tuwo.”